Sharaɗin Kada Ya Yabi Kowa

Shekara biyu Ɗayyabu tela ya yi bai rubuta ko harafi ɗaya a kan Zakarun Likoro ba, alhali a da duk wasan da ƙungiyar ƙwallon ta buga sai ya zauna bakin kekensa ya zuba labarin a Fesbuk. Abin da ya tsayar da shi kuwa, wata rana ce ya rubuta cewa kaf ƙasar Kudan babu gola kamar nasu Zayyad, bai sa tubarkalla ba. Asabar ɗin da ta biyo, Zayyad ya faɗi ya karye a hannu. Gari ya ɗauka: kambun baka. Dattawan ƙungiya suka same shi har shago, aka gaisa a tsanake, suka roƙe shi ya kama bakinsa. Ya kama.

Ba wanda ya tuna da kututturen sabarar da ke gindin raga, wanda Zayyad ya yi tuntuɓe da shi. Ba kuma wanda ya lura cewa bayan shirun nasa ƙungiyar Hunkuyi ta zuba musu huɗu, ta Taba ta ƙara uku. Shi dai bai fasa zuwa ba. Yakan tsaya gindin ɗorawa, hannu a baya, har a tashi, 'yan kallo kuwa kullum sai raguwa.

Filin ba na ƙungiya ba ne, gonar Alhaji Sada ce ya ba su aro. Da ruwan fari ya sauka bana, Alhaji ya aiko cewa zai sa garma. Ƙungiyar da ba a jin ɗuriyarta, in ji shi, ta mutu, masara kuwa ba ta jiran kowa.

Washegari Austin, mai horar da 'yan wasan, ya faɗo shagon.

"Koci, in wandonka ne sai bayan salla," in ji Ɗayyabu.

"Ba wando ba ne, Maigida. Dattawa ne suka ce ka koma rubutu."

Ɗayyabu ya tsayar da keke. "Bakin nawa ya warke ke nan?"

"Ina fa. Shi ya sa aka sa sharaɗi. Kada ka yabi kowa."

"Ko da tubarkalla?"

"Bar tubarkallar nan, kana iya sake mantawa."

"To me zan rubuta?"

"Da ma akwai abin yabo ne?" Austin ya ce, ya fice.

Sai Ɗayyabu ya rubuta abin da ya shekara biyu yana gani. Ya ce Ikrima ɗan wasan gaba yana tafiya da ƙwallo kamar mai zuwa gaida surukai. Ya ce 'yan baya dangar kara ce bayan damina, akuya ma ba ta neman ƙofa. Zayyad kuwa tun da ya warke, sai ƙwallo ta wuce yake yi mata sannu da zuwa. Ya rufe da cewa ran Asabar za a kara da Hunkuyi, mai shakka ya zo ya gani, shi dai yana gindin ɗorawa.

'Yan Hunkuyi suka yi ta yaɗawa suna dariya. Dangin Ikrima suka yi ca. 'Yan Likoro mazauna Zariya, waɗanda rabonsu da filin tun suna samari, suka shiga kare garinsu.

Ran Asabar babura suka kewaye gonar, masu rake suka kasa hajarsu. Alhaji Sada da kansa ya sa aka kawo masa kujera, wai yana son ganin dangar karan nan da idonsa.

Hunkuyi ta ci biyu da ɗaya. Ɗayar Ikrima ne ya jefa, daga nesa, ta bi saman kan mutum uku ta faɗa kusurwa. Bai tsaya murna ba, gindin ɗorawa ya nufa a guje yana nuna tela da yatsa. Ɗayyabu ya dubi ƙasa.

Da aka tashi, Alhaji ya kira Austin. "Garma ta jira baɗi," ya ce. "Amma ku tone kututturen can, saura kaɗan ya kayar da ni."

Kafin la'asar ta yi sanyi magana ta zaga gari cewa zagin tela sa'a ne. Cin da aka yi musu bai shiga zancen ba.

Ɗayyabu ya koma shago ya ɗauki waya. Da ya zo kan ƙwallon Ikrima ya rubuta cewa rabonsa da ganin irinta ya manta. Ya daɗe yana duban layin. Sannan ya goge, ya rubuta cewa iska ce ta taimaka masa.