Kwalayen Malama Zubaida

Mai napep na sauke kwali na huɗu gindin kwalin ya ɓalle, takardu suka zube cikin taɓon ƙofar gida. Murjanatu, wadda ta fito da hijabi a karkace jin ana kiran sunanta ta katanga, ta durƙusa ta fara tsincewa.

"Kada ki ja, Murja," in ji Malama Zubaida. "Sa hannu ta ƙarƙashi ki ɗago. Kina ja za ta rabe."

Sai a lokacin Murjanatu ta ɗaga kai ta dube ta. Malama ta jiƙe sharkaf, bandejin ƙafarta ya koma kalar ƙasa, leɓɓanta na rawa. Matar da likita ya ce kada ta taka ko ƙofar gida sai bayan mako uku, ga ta tsaye cikin yayyafi tana ƙirga kwalaye. Goma sha ɗaya ne, kuma babu wanda ba ya ɗigar ruwa.

Shekara goma sha bakwai ke nan katanga ɗaya ta raba gidajensu a Daura. Murjanatu ɗinkin hula take yi tun tana budurwa. Malama Zubaida kuwa, tun rasuwar mijinta, ita kaɗai ce a gidan, kuma ita ke kula da tattara kaya da hulɗa da jama'a a laburaren wata kwalejin zane da gine-gine mai zaman kanta da ke bayan gari. Lokacin da ta kama aikin, abin da ke kan kantocin laburaren littattafan ƙasashen waje ne cike da hotunan benaye na gilashi. Ta sha gaya wa Murjanatu cewa abin na damunta: yara na kwaikwayon gidajen da ba su taɓa gani ba, alhali adon da kakanninsu suka yi a bangon zaure yana zubewa kowace damina babu mai ko ɗaukar hotonsa.

Sai ta shiga yawo. Ranar kasuwar Mai'adua tana can wajen dukawa da masu sassaƙar ƙwarya. Ta hau bayan babur ta je Kongolam wajen mata masu saƙar tabarma, ta shiga ƙauyukan Zango neman tsofaffin magina. Mutane ba sa sakin kayan gadonsu da sauƙi, amma ita sun sakar mata, domin takan zauna a ƙasa ta ci abin da suka ci, ta dawo sau biyu sau uku kafin ta roƙi komai. Duk abin da aka ba ta sai ta ɗaura masa 'yar takarda da zare, ta rubuta sunan mai shi da garinsu, a ƙasa ta sa: aro ne. Kowane zangon karatu takan ɗauko masu sana'ar ta kawo su gaban ɗalibai. Murjanatu ma, da ba ta wuce aji huɗu na firamare ba, ta taɓa tsayawa gaban samari da 'yan mata sittin tana nuna musu yadda ake raba zane a jikin hula, suna ce mata Malama. A ranar ne ta ɗauko fayafayan mahaifiyarta guda shida, masu saƙar da yanzu ba mai yin irinta, ta bai wa laburaren aro.

Da suka gama shigar da kwalayen rumfa, Murjanatu ta dafa mata ruwan citta, sannan ta ji yadda aka yi. Sabon shugaban kwalejin, Dokta Kalilu, yana son babban ɗakin laburaren ya zama zauren jarrabawar kwamfuta. Ya taɓa kawo maganar, Malama ta ce a ba ta wani ɗaki mai rufin kirki ta kwashe kayan da hannunta. Ya ce za a duba. Da ciwon suga ya buɗe mata ƙafa ta tafi hutun jinya, sai aka sa lebura suka tattara komai cikin yini ɗaya, aka jibge a tsohon sito bayan ɗakin janareta, wanda rabin kwanonsa iska ta ɗauke tun bara. Wannan kuwa a tsakiyar Agusta. Kwana goma sha biyu ruwa na sauka a kansu kafin Gladys, abokiyar aikinta, ta samu ta leƙa ta taga ta buga mata waya.

Ko da Malama ta je, masu gadi suka ce ba a fita da komai sai da takardar shugaba. Shugaba kuma yana taro. Awa uku ta yi tsaye a bakin ofishinsa, daga nan ta koma bakin sito cikin ruwan sama, ita da Gladys suka ɓalle kwaɗon da dutse. Tsohon mai gadin da ke ƙofa ya kau da kai ya bar napep ɗin ta wuce.

"Shi shugaban bai fito ba?" in ji Murjanatu.

"Ya aiko sakatarensa ya ce tarkace ne, kada in ta da hankalina."

Washegari rana ta ɗan fito, suka baje kayan a tsakar gida. Takardun zanen hula suka rataye a igiyar shanya, waɗanda suka lanƙwashe Murjanatu ta bi su da dutsen guga ta saman tsumma. Fatun dukawa sun yi fumfuna, ƙoren sun tsage, hotunan bangaye sun manne da juna, in aka ɓanɓare sai fuskar ta tafi. A kwali na tara Murjanatu ta ga fayafayan mahaifiyarta. Sun yi baƙi, sun ruɓe, tana ɗaga na sama ya wargaje a hannunta. Ta juya baya ta yi kamar tana gyara itace a murhu. Malama ta gani, ta buɗe baki za ta yi magana, tari ya sarƙe ta.

Kwana biyu ana fama da ita ta je asibiti tana cewa sai an gama shanya. A rana ta uku zazzaɓi ya rufe ta, numfashinta ya koma kamar ana jan zarto. Murjanatu ta buga wa Suhaibu, ƙanen Malama, waya, ya taso daga Katsina. Suna shirin fita da ita sai ga masinjan kwaleji da wasiƙa a cikin ambulan. Murjanatu ta ɗauka gaisuwar jinya ce. Suhaibu ya buɗe ya karanta, sannan ya ce takardar tuhuma ce: ana neman Malama ta yi bayani cikin awa arba'in da takwas dalilin da ya sa ta fasa sito ta fitar da kayan kwaleji ba da izini ba.

"Jiya tarkace ne, yau sun zama kayan kwaleji," in ji Murjanatu. Ta karɓe ambulan ɗin ta cusa ƙarƙashin tabarma don kada mara lafiyar ta gani.

A asibiti aka ce sanyi ya kama huhu, ƙafar kuma ta ƙara lalacewa. Kwana biyar ta yi, Murjanatu na jinyarta da rana. Babu wanda ya zo daga kwalejin sai Gladys, wadda takan biyo bayan an tashi aiki da farfesun kifi a kula, ko da yake Malama ba ta iya shan fiye da cokali biyu. Ranar Laraba da hantsi hankalinta ya ɗan dawo, ta kama hannun Murjanatu ta ce abin da ya tsira a mayar wa masu shi, sunayensu na jiki.

"Ki ce musu ban riƙe amana ba. Su yafe mini. Ke ma ki yafe mini fayafayan Inna."

"Yaya, ke za ki nemi yafiya? Ke kika zuba su a sito?"

"Ni na karɓo su," in ji Malama. Kafin a kira azahar ta cika, Murjanatu na riƙe da kanta tana laƙana mata kalmar shahada.

Murjanatu na cikin waɗanda suka yi mata wanka. Ba ta yi kuka sosai ba, har matan unguwa suna mamaki.

Ranar addu'ar uku motoci biyu suka tsaya a ƙofar gida. Bayan mutanen kwalejin sun gaisa da maza a waje, Suhaibu ya yi sallama ya shigo da su tsakar gida su yi wa mata ta'aziyya. Dokta Kalilu, cikin farar shadda da ƙamshin turare, ya yi addu'a mai tsawo. Ya ce kwaleji ta yi rashin uwa, ya ce aikin da marigayiya ta yi a karkara abin alfahari ne, kuma an yanke shawarar sabon zauren kwamfuta zai ci sunanta. Wasu matan suka ce Allah ya saka. Sannan ya rage murya ya juya wajen Suhaibu: mako mai zuwa baƙi za su zo daga Abuja duba kwasa-kwasan kwalejin, kuma sun rubuto musamman suna son ganin tarin kayan gargajiyar da aka ambata a takardun neman izini. Idan ba damuwa, gobe za a turo mota ta kwashe abin da ke nan, maganar waccan takarda kuma a bar ta, ta wuce.

Suhaibu, mutum mai gudun rigima, ya fara cewa ai ba komai. Murjanatu ta miƙe daga bakin rumfa. Ba ta saba magana gaban manyan maza ba.

"Ranka ya daɗe, ni maƙwabciyarta ce, kuma ina cikin masu kayan. Fayafayan mahaifiyata shida na ba da, na kwashe su da tsintsiya. Awa uku matar nan ta tsaya a ƙofar ofishinka da ƙafa a buɗe, ba ka fito ba. Kwana biyar tana asibiti, ba ka aiko ba. Takardar da ka aiko tana ƙarƙashin tabarmar can, ba mu bari ta gani ba."

Wata tsohuwa ta ja gefen hijabinta tana cewa gidan rasuwa ne. Murjanatu ta ce ta sani, ita ta wanke gawar, sannan ta sake juyawa wajen Dokta Kalilu.

"Kayan nan aro ne, kowanne da sunan mai shi. Ta bar wasiyya a mayar musu, kuma za a mayar. In baƙinku sun zo, ku kai su siton su gani. Sunanta kuma ku bar mata abinta, kada ku liƙa shi a ɗakin da kuka kore ta."

Dokta Kalilu ya ce ya fahimci zafin rashi ne, Allah ya ba da haƙuri. Ya dubi Suhaibu yana jiran ya sa baki. Suhaibu ya dubi ƙasa, can ya ce wasiyyar yayarsa ce, shi ba zai tsallake ta ba. Suka fita ba su taɓa ruwan da aka kawo musu ba. Gladys, wadda ta zo cikin tawagar, ta tsaya a baya kamar tana neman takalminta, ta raɗa wa Murjanatu cewa kwalejin ba ta taɓa yarda ta sa kayan cikin rajistarta ba, don haka ba su da abin kamawa. Ta ce ranar Asabar ba ta aiki, kuma ta san hanyoyin.

Asabar uku suka yi suna rabo. A Mai'adua wani baduku ya karɓi fatarsa mai fumfuna ya juya ta, ya ce Allah ya isa, bai faɗi da wa yake ba. A Kongolam matan suka zauna suka yi kuka, suka ƙi karɓar tabarma ɗaya, suka ce Murjanatu ta riƙe ta ta riƙa sallah a kai. Ko'ina Murjanatu takan isar da saƙon neman yafiyar kamar yadda aka ba ta, sannan ta ƙara da nata bayanin, ta faɗi wanda ya sa aka zuba kayan a sito da kwana nawa suka yi. Ta ce ba za ta bari a tafi da laifin kan wadda ke kabari ba.

Na ƙarshe wani littafi ne mai bangon fata, na wani tsohon magini da ake kira Ɗantsoho a wani ƙauye gaba da Zango. Suka same shi a gindin bishiyar bedi bayan la'asar, idonsa ɗaya ya mutu. Littafin na mahaifinsa ne, zanen adon zaure arba'in da wani abu, da tawadar allo. Ruwa ya wanke fiye da rabi. Ya saurari bayanin Murjanatu har ƙarshe, ya yi wa Malama addu'a, ya ce ya yafe tun kafin a tambaya. Sannan ya shiga buɗe shafukan a hankali da babban yatsa, yana kai su kusa da idonsa mai gani.

A wani shafi ya tsaya. Rabin zanen na nan, ɗaya rabin ya zama dabbaren tawada. Ya ajiye littafin a buɗe a kan cinyarsa, ya share ƙasar gabansa da tafin hannu, ya sa yatsa ya fara jan layi daga daidai inda zanen ya yanke. Gladys ta matso da ƙafarta gefe don ta ba shi wuri. Murjanatu ta zauna a kan tushen bedin tana kallo, mai babur ɗin da zai mayar da su bakin titi ya kashe injinsa.