Hausar Inna Rahmatu

Balarabe ya zo Omdurman ta ƙasar Sudan daga Gusau don koyar da Turanci a wata makarantar manya. Zafin garin bai dame shi ba, wake da burodin da ake ci kullum ma ya saba da su. Abin da ya ci masa rai shi ne rashin abokin hira. A aji Turanci, a mota guntun Larabcin da ya tsinto, a ɗaki kuwa daga shi sai fanka. Mutumin da a gida sai an roƙe shi yake rufe baki, ga shi yana wuni kamar kurma.

A ƙofar makarantar akwai wata dattijuwa mai shayi a gindin dalbejiya, da murhun gawayi da 'yan kujerun tsuguno. Kowa Hajja yake ce mata. Ran nan ruwan zafi ya zubo mata, ta yarfe hannu ta ce, "Wayyo yatsana." Balarabe, da ke zaune yana shan shayi, ya kusa sakin kofi.

"Inna, ashe Bahaushiya ce ke?"

Ta waiga hagu da dama. "Sassauta murya, ya ustaz. Sunana Rahmatu. Kakanmu ya taso hajji daga Haɗeja, nan ƙafarsa ta tsaya. A Hilla Kuku aka haife ni, can aka haifi uwata, amma da 'yan gari sun ji Hausa a bakinka, halas, shi ke nan, ka zama baƙo. Hausa sai gida. A titi Larabci."

Daga ranar ya samu uwa. In masu shan shayi sun watse sai ta yi masa tsiya ƙasa-ƙasa, wai gwauro ne mai wuya kamar mariƙin lema. Ranar Juma'a yakan tsallaka kogi zuwa gidanta, ya ci tuwo da miyar kuka, jikokinta na kwaikwayon Hausarsa ta Zamfara suna dariya. Wannan Juma'ar ce take riƙe masa sauran mako.

Wata Talata yana tsakiyar darasi ya hango motar kasha ta taga, wato masu kwashe kayan 'yan tireda da masu shayi. Ba yau Inna Rahmatu ta fara gamuwa da su ba. Ta san yadda ake lallaɓa su da Larabcinta tas, har babbansu ya fara sauke mata butar da ya ɗauka. Balarabe bai tsaya ganin wannan ba. Ya fito a fusace, alli a hannu, ya shiga tsakani.

"Inna, kada ki roƙe su. Me kika yi musu? Tashi mu tafi."

Da ƙarfi ya faɗa, kuma da Hausa. Babban ya dube shi, ya dubi tsohuwar, ya mayar da butar cikin mota. Ya tambaye ta da Larabci daga wace ƙasa ta zo, ina takardunta. Ta rantse, ta ambaci unguwarsu da sunan ubanta, ba wanda ya saurara. Suka ɗora ta a bayan motar tare da kujerunta.

Sai da 'ya'yanta suka sha zarya kafin aka sake ta. Kafin nan wata mata ta riga ta kafa murhu a gindin dalbejiyar.

Juma'ar da ta biyo baya Balarabe ya tafi Hilla Kuku. Tun daga ƙofa ya jiyo Hausa na tashi a tsakar gida, wata na yi wa yaro faɗa a kan takalmi. Ya yi sallama, gidan ya yi tsit. Inna Rahmatu ta fito da kanta, ta rame, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo shayi da na'ana'a yadda yake so.

"Inna, ki yafe mini," ya ce.

Ta tura masa kofin. "Itfaddal, ya ustaz," ta ce, wato bismillah da Larabci, yadda take ce wa kowane mai saye.

Can ciki hira ta ci gaba, da Larabci.