Gudun Hadiyya zuwa Goudel

Ni Priska ba ni da haƙuri, kowa ya sani. To ga Hadiyya, abokiyar ɗakina a jami'a, ta maida mani ɗaki gidan makoki. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar ƙasusuwan jiki, saura ta baki, ta ƙarshe. In ta sake faɗi, sallama ce daga karatun lokotoro, wato likitanci, ta koma unguwarsu Goudel ta taya uwarta ban-ruwan ganyen salati a garka. Ba ci, ba wanka, sai shan kafe da kuka. Ta karanta da safe, kafin azahar ya bi ruwa.

Ranar da haushi ya kai ni maƙura na fizge littafin. "Ke, tashi! Kin zauna kin jiƙe kamar tsumma."

Na ja ta filin gudu. Wayyo, zagaye guda ta zube tana tsine mani. Amma ta ci tuwo a ranar, har da ƙari. Kullum da la'asar sai mu fita, in mun gaji mu ɓarke da gaɗa irin ta ƙuruciya, tafi da tsalle, sai dai maimakon waƙa sunayen ƙasusuwa muke jerawa. Samari na dariya, mu ko a jikinmu. Hadiyya ta fara barci, ta fara tsokana, har tana kirana tsohuwar akuya.

Ran jarrabawa ina leƙe ta taga. Mushe Ousmane, malamin da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, ya ce ta lissafo ƙasusuwan tafin hannu. Ta daskare a kujera, ido ya kawo ruwa.

Can ta ce, "Mushe, don Allah in miƙe?"

"Miƙe."

Yarinya ta miƙe, ta buga tafi, ta daka tsalle, sai ga sunaye suna zubowa ɗaya bayan ɗaya! Ya tambayi na ƙafa, ta ƙara tsalle. Ya tambayi na kai, ta juya ta cashe. Mushe ya kare baki da takarda, kafaɗunsa na rawa.

"Ya isa haka, kar ki fasa mani daɓe. Kin wuce."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta fito a guje, ta bar jaka, ta nufi kadarkon kogi, hanyar Goudel. Na bi ta ina ihu. Kun san garin nan, babbar mace ba ta gudu a titi sai da masifa. Masu taksi na taka birki, masu tallar mangwaro na tambaya, "Gobara ce?" Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka tana salati, alhali ba ta san komi ba. Ni dariya ta hana ni numfashi.

A garka muka iske Inna Hawa, uwar Hadiyya, cikin ganyen salati tana ban-ruwa. Tana hango ɗiyarta a guje, ɗankwali a hannu, bokiti ya suɓuce mata.

"Innalillahi! Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Inna," Hadiyya na haki. "Na ci. Ba a kore ni ba."

Inna ta zauna daɓas cikin laka, ta riƙe ƙafar ɗiyarta da hannu biyu, ta fashe da kuka.