Baba Ya Riƙe Sirdi

Likita bai yi wa Umma kwana-kwana ba. Ya ce zuciyarta ta fara kasala, in ba ta riƙa motsa jiki har gumi ya keto mata ba, to sai an yi mata aiki. Umma kuwa ko allura ta gani sai ta rintse ido, balle wuƙa.

Ni da yayana muka sayo mata keken motsa jiki, irin wanda ake tuƙawa yana tsaye wuri ɗaya, muka ajiye a falo kusa da taga. Ta zagaya shi tana harara.

"Ni da ban taɓa hawa keke ba tunda uwata ta haife ni? Ku kashe ni ku huta."

Na ce, "Umma, ba ya faɗuwa fa."

"Ke kika ƙera shi?"

Kafin mako ya zagayo, keke ya zama wurin shanya tawul. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don ranar komawa asibiti sai matsowa take yi.

Abin haushin ma, gyaran keke ne sana'ar Babanmu. Rabin unguwa a hannunsa suka koyi hawa, amma matarsa ta gagare shi. Wata safiya kafin ya fita shago, ya kwashe tawul ɗin, ya sunkuya zai duba iskar taya, bai ga wurin bugawa ba, ya ja tsaki. Sannan ya koma baya ya kama sirdi da hannu biyu, ya gyara tsayuwa yadda yake yi wa 'yan koyo.

"Hau, uwargida. Na riƙe."

Wallahi sai ga Umma ta tattare zani ta hau.

"Dubi gabanki, bar kallon ƙafa! Ga rami nan, kauce! Yauwa. Ga hawa, taka da ƙarfi!"

Umma tana haki tana ihu, "Malam, kar ka ɗauke hannunka!" Ni kuwa na durƙushe a bakin ƙofa, dariya har cikina ya ƙulle.

Kullum haka. Ya kai ta kasuwa, ya kai ta gidan ƙanwarta, duk a gaban taga. Har wata rana ta ce ya sauya hanya, waccan ta cika ramuka.

Da muka koma asibiti, likita ya duba, ya ƙara dubawa, ya ce a ajiye maganar aiki, amma kar ta daina.

Washegari na same su a kai, Baba ya dafe ƙugu da hannu ɗaya, ɗayan yana kan sirdi.

"Haba Baba, ka huta mana. Keken nan ko giwa ta hau ba zai faɗi ba."

Ya rage murya don kar Umma ta ji. "Ke, ni za ki koya wa keke? Na san ba ya faɗuwa. Uwarki nake tsoron rasawa."

Daga gaba Umma ta ɗaga murya, "Malam, hira kake? Ga kwana nan!"

Ya yi sauri ya mayar da ɗayan hannun.