Ƙarar da Babur ɗin Mukaila Ya Tashi da Ita

Da safiyar Asabar ɗin da iskar Dubai ta daina ƙona fuska, Mukaila ya sauka ƙarƙashin benen da suke haya a Al Nahda, ya yaye tamfol daga kan babur ɗinsa, ya tsaya yana kallonsa kamar wanda ya je taryen ɗan'uwa a tasha. A wasu ƙasashen, in ji waɗanda suka yi yawo, sanyi ne ke sa a jingine babur. A nan kuwa zafi ne. Tun watan Mayu yake tsaye a lungun nan, tsakanin ginshiƙi da motar wani maƙwabci, yana jiran Nuwamba. Mukaila ya lura ɗaurin igiyar tamfol ɗin ba irin nasa ba ne, ya fi nasa kyau da ƙarfi, sai ya ce a ransa mai gadin benen nan ɗan halak ne.

Babur ɗin ba wani abin a zo a gani ba ne. Ja ne, ko kuma dai a ce ya taɓa zama ja, madubinsa na hagu ma waya ce ke riƙe da shi. Amma Mukaila, ɗan Sabon Zongo na Kumasi, mai tsaron ƙofa a wani otal a Deira, ba shi da abin da ya fi so bayan matarsa Alima, kuma akwai ranakun da ita Alimar take shakkar wa ke gaba. Ba laifinsa ba ne. Komai na garin nan na wani ne: ɗakin na mai gida, rigar aikin ta otal, barci da tashi ma sai yadda aka tsara masa. Babur ɗin nan kaɗai ne in ya ce dama sai ya yi dama.

Ya zuba sabon mai, ya mayar da batir, ya duba baƙin mai, ya yi bisimilla ya buga kik. Babur ya yi tari, ya sake tari, sannan ya kama. Mukaila ya fara washe baki. Sai ya murɗa totur.

Ƙwal-ƙwal-ƙwal-ƙwal.

Ya sassauta hannu, ƙarar ta lafa. Ya sake murɗawa, ta dawo, kamar an jefa tsakuwa a gwangwanin madara. Nan take ya tuna akwai alkawari tsakaninsa da Alima.

Alima a wani ƙaramin asibiti take aiki, kuma da wuya mako ya wuce ba ta ga an shigo da ɗaya daga cikin masu kai abinci a kan babur ba, gwiwa a saɓule, hular kwano a hannu. Saboda haka ba ta taɓa kiran babur ɗin mijinta da sunansa ba, sai dai "gwangwaninka". A ranar da za a lulluɓe shi ta gindaya sharaɗi. In an fito da shi da sanyi ya tashi lafiya, to, ya ci gaba da hawa. In kuwa ta kai ga buɗe inji, a rabu da shi, ya koma bin jirgin metro da bas kamar kowane bawan Allah. Mukaila ya amsa tun kafin ta rufe baki, don babur ɗin bai taɓa ba shi kunya ba. Damuwarsa a ranar ma wata ce daban: wani ƙaton farin goro da ya samu a rabon sunan ɗan abokinsa, ya ɓoye a firji, ya nema ya rasa. Har yau bai daina yi wa masu haya a ɗaya ɗakin, waɗanda suke firji ɗaya da su, kallon tuhuma ba.

Yanzu ga shi alkawari ya zo har inda yake tsaye.

Ya yi abin da kowane ɗan Zongo zai yi. Ya kara waya kusa da inji, ya naɗi ƙarar, ya tura wa 'yan uwa a gurup ɗinsu na waya. Kafin babur ya huce amsoshi sun cika wayar. Wannan ya rantse bawul ne, wancan ya ce taimin cen ce ta saki, wani ya ce yashin Dubai ne ya shiga inda ba a gayyace shi ba. Wani kawunsa a Kumasi ya turo doguwar murya yana kwaikwayon ƙarar inji iri-iri da bakinsa, ya ce Mukaila ya zaɓi wadda ta fi kama da tasa. Babu wanda ya ce bai sani ba.

A ƙarshe ya kira Halliru. Halliru Bakano ne, gyaran na'urar sanyaya mota yake yi a wani gareji a Al Quoz, amma a cikin masu gyaran babura ya tashi, kuma ba ya bari a manta da hakan. Ya iso kafin azahar da jakar kayan aiki da fara'arsa. Ya ce a tayar, aka tayar. Ya zaro doguwar sukundireba, ya ɗora tsininta a kan inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu. Ya saurari sama, ya saurari ƙasa, ya canza fulogi, ya ɗaure duk wani noti da hannunsa ya kai. Ƙarar tana nan daram. Ko'ina ya kara sukundireba sai ya ji ta, don ƙaramin babur duk jikinsa amsa kuwwa yake yi.

Ana cikin haka Alima ta sauko da fulas ɗin shayi da kofuna, don ba a barin baƙo da bushewar maƙogwaro ko da gwangwani ya zo gyarawa. Suka gaisa da Halliru, ya tambaye ta aiki, ta tambaye shi iyali. Ta jingina da ginshiƙi tana murmushin wadda ta riga ta san sakamako. Da Mukaila ya sake murɗa totur, sai murmushin ya ɗauke. Ya ga ta kalli bayan babur ɗin, ta kawar da kai, ta shiga gyaran gyalen da babu abin da ya same shi.

Halliru ya miƙe yana goge hannu.

"Habibi, ba zan ɓoye maka ba. Daga waje na yi abin da zan iya. Sauran sai an buɗe."

"Chale, abokina, ka sake saurara mana," in ji Mukaila.

"Ko sau nawa na saurara, abin da zan gaya maka ke nan. Sai an buɗe inji."

Mukaila ya kashe babur. Wurin ya yi tsit, sai ƙugin injinan sanyi daga saman bene. Zai iya cewa a jira mako guda, ko ya roƙi Halliru ya zo ya buɗe ranar da Alima ke aiki. Tunanin ya zo masa, bai ɓoye wa kansa ba. Amma bai taɓa yi wa matar nan wasa da magana ba, kuma ba a kan babur zai fara ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin da ke sa babban mutum ya rasa inda zai sa idonsa. Ya zare makulli ya miƙa mata.

"Na yi alkawari, ga shi. Khalas, magana ta ƙare."

Alima ta dubi makullin ba ta karɓa ba. Abin da ta daɗe tana nema ke nan, ya zo mata har tafin hannu, a gaban shaida, ba faɗa ba cacar baki. Shiru kawai za ta yi. Ta zuba wa Halliru shayi har ya kusa zuba, ta rufe fulas, ta sake buɗewa.

"Malam Halliru," ta ce, idonta a kan kofi, "kafin a yanke masa hukunci, a kwance salansar nan a girgiza."

Halliru ya fara bayanin cewa salansa ba ta irin wannan kukan, amma ya ga fuskarta, sai ya ɗauko sifana. Da ta ɗan huce suka kwance ta, ya ɗaga ya girgiza. Ƙwal-ƙwal. Suka dubi juna shi da Mukaila. Ya kifa bakinta ƙasa, ya bubbuga, ya jujjuya, ya sake bubbugawa. Wani baƙin abu ya faɗo ya gangara ƙarƙashin motar maƙwabci, wani ya biyo shi ya tsaya a gaban takalmin Mukaila. Ya sunkuya ya ɗauka. Ya bushe ƙamas, ya ƙanƙance, hayaƙi ya rine shi, amma ɗan Zongo ba ya ɓatan ɓarin goro.

"Gorona," in ji shi a hankali.

Alima ta yi bayanin tana kallon ginshiƙi. Babanta yana da babur a Kumasi, kuma duk lokacin da zai yi doguwar tafiya ita yake sa wa ta toshe bakin salansa da totuwar masara, don kada zanzaro ya shiga ya yi gini a ciki. A ranar da Mukaila ya lulluɓe nasa ya hau sama, sai hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta nemi totuwa, to ina za a samu totuwa a hawa na bakwai? Ta buɗe firji, ta ga goron, ta sauko ta gwada, ya zauna cif. Ba ta yi lissafin zafin Dubai zai busar da shi ya faɗa ciki ba. Da safen nan ma ta so ta riga shi saukowa ta cire, barci ya ci amanarta.

Halliru ya zauna a kan jakarsa yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi dai tun da ya zo ƙasar nan bai taɓa yin ido biyu da zanzaro ba, in ma akwai, to ba su da bizar shiga ƙarƙashin bene. Ya roƙi a bar masa ɓari ɗaya ya kai gareji, don in ya ba da labarin ba hujja ba za a yarda ba.

Mukaila bai yi dariya ba tukuna. Igiyar tamfol yake kallo, can a ƙasa inda ya yar da ita. Sai yanzu ya gane ɗaurin. Shi ne wanda take yi wa jakunkunansu in za su gida.

"Ashe gwangwanin nawa…" ya fara.

"Kada ka soma, Maigida. Har gobe ba na son sa. Ban dai so ƙwaro ya lalata maka abu ba ne."

Aka mayar da salansa, aka ɗaure. Ya buga kik, babur ya kama tashi ɗaya. Ya murɗa totur a hankali, sannan ya ƙara. Babu komai sai sautin nan da ya sani, da ɗan ƙamshin gasasshen goro. Daɗi ya kama shi har ya rasa wa zai gode wa, ya ɓige da girgiza hannun Halliru.

Alima ta tattara kofuna, ta maƙale fulas a hammata, ta nufi lif. Ta danna, ta tsaya jira, ba ta waiwayo ba.

"Baɗi," ta ce, "ka nemo min totuwa tun da wuri."