Kwamfutar da Tsado Ya Hana Baki

Tsado ba ya son kaya su yi wa na'ura yawa. Kwamfutocin shagonsa na intanet a Sauka Kahuta duk 'yan gwanjo ne, don haka da kansa yake harhaɗa kowace manhaja tun daga tushe. Kafin aikin ya fara, wani shuɗin allo kan fito da ƙananan akwatuna yana tambaya: a sa wannan? A sa wancan? Shi kuwa sai ya bi su yana cire alama, har da ta sauti. Cewarsa, masu duba sakamakon jarrabawa ba kiɗa ya kawo su ba.

Wata Laraba da hadari ya haɗo, Mama Magdalene ta shigo daga Garatu, faifan CD ƙulle a bakin zaninta. Ta ce 'yarta Rachael ce ta aiko shi daga Kaduna. Wani baƙo ne ya taɓa ɗaukar muryar mijinta Irimiya yana waƙar noma, tun kafin ya rasu. Ta ƙara da cewa motar ƙarshe tana tashi kafin magariba, ga awaki ba mai shigar da su.

"Fuskarsa tana nan a raina, ɗana," in ji ta. "Muryar ce ta fara ɓace mini."

Tsado ya sa faifan. Layi ya soma tafiya a allo, alamar waƙar tana gudana, amma shiru kake ji. Ya san wanda ya yi wannan aika-aika.

Ya gaya mata gaskiya: shi ya hana kwamfutar baki, sai an sake harhaɗa manhajar.

"Kamar mai dafa miya ya ƙi sa gishiri don kada tukunya ta yi nauyi," ta ce, tana gyara zama a benci.

Shuɗin allon ya dawo. Hannunsa ya so ya cika akwatunan duka don huce haushi, amma hakan zai kai su gobe. Ya zaɓi na sauti kaɗai, da wani a ƙarƙashinsa wanda na sautin ba ya tashi sai da shi. Yana dannawa NEPA ta ɗauke wuta. Ya ja janareta, ya kashe sauran kwamfutocin, ya ba masu jira haƙuri, ya sake farawa.

Fararen rubutu suka yi ta hawa baƙin allo, ruwa kuma ya sauko a kan kwano. Mama ta zuba wa allon ido har ta fara gyangyaɗi. Ta ce layukan kamar kunyoyin doya ne in mutum yana wucewa a mota. Shi ma Tsado sai ya ga haka, gona bayan gona, har ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika shagon.

Rubutun ya tsaya daidai lokacin da ɗan kamasho ya fara kiran Garatu a bakin titi.

Tsado ya sake kunna faifan. Tari aka fara ji. Sannan wani namiji ya kira suna da Gwaranci, yana neman ruwa. Daga nesa wata mace mai ƙuruciya ta amsa masa da tsiwa, ya yi dariya, ya ɗauki waƙar.

"Ni ce waccan," Mama ta ce a hankali.

Motar ta yi ham, ta sake yi. Mama ba ta motsa ba.

"Awakin fa, Mama?"

"Sun san hanya. Mayar da shi wurin tarin."