Goron da Indo Ta Karɓa

Tun da aka ɗaure Yakubu, ɗan bangar siyasar da ya soke mijinta har lahira a tashar mota, Turai ba ta ƙaunar ƙaratowar bikin 'yancin kai. Ranar ce gwamna kan yi wa fursunoni afuwa, ga shi jam'iyyar su Yakubu ce ta hau mulki da soja suka ba farar hula jiha. Ita ta ba da shaida a kotu. Ana fita da shi ya waiwayo ya ce mata ya san gidansu a Hayin Banki.

Bana ta ɗan sami sa'ida. Rediyo ya ce majalisar jiha ta kafe, ba za a saki kowa ba sai kwamitinta ya ji ta bakin dangin wanda aka zalunta. Unguwa ta ɗauki hamdala, sai ka ce daga sama aka sauko da 'yan majalisar. Turai dai cewa ta yi a bari a gani.

Ran nan ta dawo daga niƙa ta tarar da ƙullin goro gaban surukarta Indo.

"Inna, wa ya haihu?"

"Ba haihuwa ba ce. Wasu dattawa ne suka zo gaisuwa, har da wani mai babbar mota."

"Daga ina?"

Indo ta kau da kai. "Dangin yaron nan ne."

Saura kaɗan ƙwaryar gari ta kuɓuce wa Turai. "Kika karɓa?"

"To yaya zan yi? Mutum da furfurarsa ya durƙusa ya miƙo goro, in ce ya kwashe kayansa? Ba haka aka rene ni ba. Ai ban ce musu komai ba."

"Ba sai kin ce ba, Inna. Gobe za su tsaya gaban kwamiti su rantse uwar mamaci ta karɓi goro, ta yafe jini. Wa zai tako har nan ya tambaye ki?"

Leɓen Indo ya yi ja da goro. Ta ce, "Gutsura kawai na yi."

Turai ta tsinci ragowar a gefen tabarma, ta jefa cikin ƙullin ta ɗaure tam. Ba ta taɓa taka majalisa ba. Ba ta san ko masu gadi na barin irinta su wuce ƙofa ba, ko ma mai babbar motar nan shi ke shugabantar kwamitin.

"Ɗauko mayafinki. Da hannunki za ki ajiye musu abinsu, a gaban kowa."

Indo ta miƙe tana laluben takalmi. A bakin titi, da bas ta tsaya, sai da Turai ta leƙa fuskokin da ke ciki kafin ta bar tsohuwar ta hau.